Baƙin Zoben Ingila a Maƙerar Lauwali

Shekarar da Nasara sunka kawo injin ban-ruwa bakin Rima, duk ƙasar Wurno babu maƙeri awa Lauwali. Mu da munka ga zamanin da idonmu mun san haka, ba a takarda munka ji ba. Albasa tai, shi Lauwali, tana fadama, fangali arba'in, ya ma tuge jigon ɗibar ruwa don ya dogara ga inji. Tsakiyar rani injin ya tsaya.

Baturen injiniya ya buɗe cikinsa, ya fiddo wani baƙin zobe da ya tsage. Ba ƙarfe ba ne, ba ƙasa ba, zuba shi akan yi a mazubi. Shi ka riƙe haƙoran jan ƙarfe, kada wutar lantarki ta tsallaka daga wani zuwa wani. Sabo guda ɗaya tal ya rage, shi ma ya ƙi shiga da ɗan kaɗan.

Halliru tafinta ya kai shi maƙera. "Baba Lauwali, Bature ya ce ka goge bakin kurum. An gwada shi Ingila, kwana ukku cikin tanda shina juyawa ya hi mazari, bai ce uffan ba."

"Wutar Ingila?" in ji Lauwali. "Garin da mutane ka kwana da takalmi? Mi sunka sani ga wuta?"

Tun kakanni, ko lauje ba ya barin maƙerar ga sai ya ɗanɗani wuta da ruwa. Da Halliru ya juya, Lauwali ya goge zoben tsaf, ya tura shi cikin garwashi, ya kama zuga. Wari ya kori awaki. Ya tsoma shi ruwa, ya rabu ukku.

Da Bature ya komo daga wata tafiya da ya yi Rabah, Lauwali ya miƙa mai gutsattsarin bisa faifai. Bature ya yi ja awa gauta. Halliru ya ce wani zoben sai jirgin ruwa, wata huɗu.

"Ka ce mai babu komi," in ji Lauwali. "Da ba ni ba, da wanga ruɓaɓɓen abu ya shiga injin gwamnati."

Albasa ta ƙone ƙurmus kafin ya sake kafa jigo. Mata tai Safara'u ta tambaye shi mi za su ci bana.

"Ke dai ba ki san girma ba," in ji shi.