Sakin Layi na Uku

Wasiƙar farko da Auta ta rubuta wa editan wata mujalla shafi huɗu ce. Ta kai wa kawunta ranar da ba ta zuwa aiki, ta same shi a baranda yana ɗaure ƙafar tabarau da zare. Shekara ashirin da biyu ya yi a gidan jarida kafin ya yi ritaya, kuma a shekaru takwas na ƙarshe shi ke buɗe wasiƙun masu neman a ba su damar yin rubutu.

Ya karanta shafi ɗaya, ya ajiye.

"Wannan wasiƙa ce ko wa'azi?"

"Kawu, ai ba ka kai inda maganar take ba."

"Edita ma ba zai kai ba. Faɗa min da baki."

Ta faɗa. Tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin ruwan kwalba. Ƙa'ida ita ce a ɗebi kaɗan daga kowane ruwa da aka tace, a sa a na'ura kwana biyu a ga ko akwai ƙwayoyin cuta. Wata bakwai ke nan da na'urar ta mutu, ba a gyara ba. Kowace safiya shugaban sashe yakan miƙo mata takardar sakamako a cike, ta sa hannu, motoci su fita. Yawancin ruwan makarantu ake kai wa.

"Ga labari tsaye da ƙafarsa, kin binne shi a ƙarƙashin tarihin ruwa," in ji Kawu. "Ɗauko biro."

Ya ce shafi ɗaya za ta yi, sakin layi uku. Na farko ya faɗi labarin cikin jimla biyu, kamar ana gaya wa mutumin da motarsa za ta tashi. Na biyu ya faɗi tsawon rubutun, da waɗanda za ta yi hira da su, da ranar da za ta kawo, da shafin mujallar da ya dace da shi, don editan ya san ta taɓa buɗe mujallarsa. Sai da suka yi awa biyu a kan waɗannan. Ya soke "ina mai farin cikin", ya soke "bisa ga haka", ya soke gaisuwa layi uku.

"Saura na uku. Me ya sa ke za ki rubuta, ba wani ba?"

"Na sa ai. Wata mai kishin al'umma."

"Masu kishin al'umma goma nake jefawa a kwando kafin shayina ya huce. Sa sunanki, da sunan kamfanin, da muƙaminki, da shekarun da kika yi."

Auta ta ajiye biro. Ita kaɗai ke aiki a gidansu. Mahaifiyarta, ƙanwar Kawu, tana wurinta, ga yara biyu da mijinta ya rasu ya bari.

"In suka ji a wurin aiki fa?"

"Ta ina? Ni a durowa nake sa wasiƙa in kulle, ko mai gidan jaridar bai isa ya gani ba. Ɗan jarida ya gwammace a ɗaure shi da ya tona wanda ya ba shi labari. Sai an amince, sannan ku shirya yadda za a ɓoye sunanki."

Ta rubuta. Ta tura ta imel washegari.

Kwana tara babu amsa. A rana ta goma, tana wanke kwalaben gwaji, aka ce manaja na kira. A ofishinsa ta tarar da shugaban sashenta zaune a gefe yana duba farcensa. A kan tebur akwai manyan fayil guda uku.

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya ce makon jiya wata daga ofishin wata mujalla ta bugo wa sakatariyarsa waya. Tambaya ɗaya ta yi: shin suna da ma'aikaciya mai suna kaza a ɗakin gwaji? Ta ce masu ƙarya sun yi yawa, shi ya sa suke tabbatar da kowa kafin su amsa, kuma wannan ta nemi yin rubutu a kan gwajin ruwa.

"Mun ji daɗi da aka ja hankalinmu," in ji manaja. "Mun bincika. Sabuwar na'ura tana hanya." Ya buɗe fayil na sama, ya juyo mata da shi. "Sa hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma a cike ake kawo min."

"Wa ke kawowa?"

Ta dubi shugaban sashe. Bai ɗago ba.

"Hannunsa yana wani wuri a takardar?"

"Babu."

Ya buɗe shafi bayan shafi, wata bakwai, sa hannu iri ɗaya. Takardar sallamar tana ƙarƙashin fayil na uku, an riga an buga. Dalilin da aka rubuta shi ne tabbatar da sakamakon gwajin da ba a yi ba. Mai gadi ya raka ta ta ajiye farar rigar aiki da makulli.

Editan ya kira bayan kwana biyu. Muryarsa a sake, ana jin ƙarar fanka a bayansa.

"Malama, rabon da in ga wasiƙa irin taki an jima. Babu kalma ɗaya ta banza. Muna so. Za ki iya ɗauko mana hoton na'urar da na takardun?"

"Sun sallame ni."

"Subhanallahi. Yaushe?"

"Bayan ofishinku ya kira su."

 Ya ce wadda ta kira sabuwar ma'aikaciya ce, ƙa'idar da aka ba ta ta bi, zai yi mata magana. Ya tambayi dalilin da suka rubuta a takardar sallamar, ta karanta masa. 

"Kin ga matsalar. Da, ma'aikaciya ce ke magana daga ciki. Yanzu za su ce wadda aka kora ce ke huce haushi, kuma hannunta ne a takardun. Lauyanmu ba zai bari ba." Ya gyara murya. "Amma muna da bita ta sababbin marubuta wata mai zuwa. In kin yarda, zan nuna musu wasiƙarki a matsayin misali. Za mu goge sunan, ba shakka."

Ta kashe wayar.

Kawu ya ji labarin a bakin ƙanwarsa. Ya zo gidan da hantsi, da hular da yake sawa in zai je ta'aziyya. Yara suna makaranta. Ƙanwar ta amsa sallama, ta shimfiɗa masa tabarma.

"A zamaninmu ba a yin haka," ya ce.



Auta na zaune a bakin gado, ta ɗora tire a cinya tana cike takardar neman aiki ta wani ɗakin gwaji. Uku ne kawai a garin, kuma shugabanninsu sun san juna. Ta cike suna, ta cike makaranta, ta tsaya a layin da ke tambayar dalilin barin aikin baya.

Kawu ya miƙa hannu, ta ba shi. Ya ciro jan bironsa daga aljihu, ya cire murfin, ya kafa wa layin ido. Ya daɗe a haka.

"Yaya," in ji ƙanwarsa daga bakin ƙofa, "ba ta takardarta."