Shirun da Wilf Ya Ƙi Fasawa

Ranar tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, Maud mai riƙe da makullan coci ta kulle Wilf Tapsell a saman hasumiya ba ta sani ba. Ya hau ne ya ɗaura wa ƙararrawa fata don sautinta ya fita da sanyi. Ya bubbuga ƙofa, ya ƙwala kira, amma badujala da waƙar jama'a suka shanye muryarsa.

Can limamin cocin ya kira sunayen mamatan, har da Len ƙanen Wilf, sai ƙauyen ya yi tsit don girmama su, kamar yadda ake yi duk shekara. Yanzu ko tari Wilf ya yi za a ji shi. Ya buɗe baki, sai ya hango tsohuwarsu ta kafar taga, kanta a sunkuye. Ba a taɓa fasa wannan shirun ba. Ya rufe baki, ya toshe kunnuwa. Shirun na ƙarewa aka ja igiyoyin ƙararrawa daga ƙasa, ta dinga kaɗawa dab da kansa.

"Taurin kai zai kashe ka, Wilf," in ji matarsa Dot da aka sauko da shi. "Ihu ɗaya ya gagare ka?"

Leɓɓanta kawai ya ga suna motsi. Har ya mutu bai ƙara jin muryarta ba.