Doguwar Ƙafar Kujerun Baba

Duk kujerar da Baba ya taɓa sassaƙawa ɗingishi take yi, kuma kaf garin an sani, ban da shi Baban.

Ba rashin iyawa ba ne. Itacensa busasshe ne, haɗinsa ko ƙusa babu, igiyar mazaunin kuwa sai ta ga jikoki. Wajen gwaji ake samun matsala. In ya gama kujera sai ya kai ta kusurwar shagonsa da ke bayan gida, ya dasa ta a wuri ɗaya tak, ya zauna ya jijjiga. In ta motsa, ya bi ƙafafun da zarto har ta tsaya daram. To, a daidai wurin akwai wani ɗan kwarmi a daɓen ƙasa, zurfinsa bai fi gaɓar yatsa ba. Nan matarsa, marigayiya Inna, take kafa diddigenta in tana jan igiyar saƙa, shekara da shekaru, har ƙasar ta lotsa. Ƙafa ɗaya ta faɗa kwarmin, Baba ya rage sauran ukun. Haka kowace kujera ke fitowa da ƙafa ɗaya da ta ɗara 'yan'uwanta.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke kai kaya kasuwa, kuma ba ta fita sai da tsohon cokali a jakarta. Da ta isa rumfa sai ta durƙusa ta ƙwaƙule wa kowace kujera ɗan raminta. Mai saye ya zo ya zauna, ya ji daram, ya biya. Sannan Auta ta rage murya.

"In ka je gida ka haƙa mata ɗan rami ta wajen doguwar ƙafar. Kuma don Allah kada Baba ya ji."

Mutane kuwa suka yi ta haƙawa, don kujerun ba sa mutuwa. Masu ɗakin siminti suna kiran magini, shi kuma har ya san zurfin da ka. Akwai matar da ta tashi daga gidan haya, ta roƙi sabon mai gida ya bar ta ta fasa daɓe kafin ta shigar da gado. Abin kunya ne a ce gari guda na manya masu hankali ya zaɓi huda ɗakunansa maimakon ya faɗa wa tsoho ɗaya gaskiya, amma haka aka yi.

Auta tana da dalilinta. Tun rasuwar Inna, kujerun nan kaɗai ke tayar da Baba daga shimfiɗa. Tsoronta shi ne ranar da ya gane aikin rayuwarsa gurgu ne, ya ajiye zarto, ya kwanta, shi ke nan. Sa'arta ɗaya, Baba ba ya zuwa kasuwa, don ba ya iya jin ana taya aikinsa.

Sai aka yi wa kasuwa daɓen siminti, sumul kamar faranti. Mai kula da kasuwar ya kama Auta tana kankare shi da cokali, ya ƙwace cokalin, ya ce in ya ƙara gani rumfar ma zai ƙwace. Kamar wannan bai isa ba, labarin daɓen ya kai kunnen Baba.

"Yau dai kujeruna sun samu ƙasar da ta dace da su," in ji shi, yana saka rigarsa ta fita. "Mu je in gani da idona."

Auta ta yi wuf ta fice. Ta ruga ta taso yayanta Dogo, suka riga Baba isa rumfa. Suka kife wasu kujerun, suka rataye wasu a jikin ginshiƙi. Guda ɗaya ta rage, Dogo ya hau ya zauna, ya ƙanƙame gwiwoyinsa, ya sandare, ko numfashin kirki ba ya yi.

Baba ya iso, ya dubi kujerun ƙafafunsu a sama.

"Auta, kaji kike sayarwa?"

"Sabon yayi ne, Baba. Haka ake jera kaya yanzu."

"Kai kuma Dogo, tashi in zauna."

"Baba, ƙafata ta yi sanyi."

"Tashi, na ce."

Dogo ya tashi. Baba ya zauna. Kujera ta ce ƙwas, ta tafi gaba, ta dawo baya. Maƙwabtan rumfa duk suka shiga gyaran kayan da ba su buƙatar gyara. Mai kwanduna ma kifa kwando ya yi a kansa, wai yana duba saƙar ciki.

Baba ya sake jijjigawa, ya miƙe, ya ƙura wa daɓen ido.

"An cuce ku," ya ce. "Daɓen nan a karkace yake."

Auta ta sauke ajiyar zuciya, amma da wuri ta yi. Baba ya saɓa kujerar a kafaɗa, wai zai nemo inda maginan suka yi aikin kirki. Ya dasa ta gaban mai tukwane, ta yi ɗingishi. Ya dasa gaban mai takalma, haka. Ya fita kasuwar ya gwada bakin titi, ya gwada barandar aski, ya sa wani mai shago ya share masa kan kanta ya ɗora. Auta da Dogo na binsa, bayansu kuma 'yan kallo, kowa na gyaɗa kai yana cewa lallai ginin zamani ba shi da amana.

"Ikon Allah," in ji Baba, yana share zufa. "Ashe garin nan gaba ɗaya a gicciye yake, ba wanda ya gaya mini."

Wata tsohuwa mai ɗinki, wadda ta daɗe da sayen kujerarsa, ta hango shi yana haki ta ce ya shigo ya sha ruwa. Ta janye tata kujerar daga gaban keken ɗinki, ta karɓi ta hannunsa, ta juya ta yadda ta saba, ta ajiye a gurbin. Baba ya zauna. Daram.

"Alhamdu lillahi! Ga gida ɗaya da aka gina daidai. Wane ne magininki?"

Auta na bayansa tana ta kaɗa hannu, amma tsohuwar idonta ya yi rauni.

"Ai ba magini ba ne, Malam, ni na haƙa da almakashi. Ba kai ka ce kowa ya haƙa rami ba?"

Baba ya tashi a hankali, ya ɗaga kujerar, ya ga ramin. Ya kife ta ya gwada ƙafafun da tafin hannu. Ko ruwan bai sha ba, ya kama hanyar gida, ya bar kujerar a nan.

Auta ta same shi a shago, tsaye a kusurwar gwaji. Zarto na rataye a ƙusa, shi ta fara duba, hawaye suka zo mata. Dogo ya shigo da bokitin kwaɓaɓɓen siminti.

"Baba, matsa in cike shi. Daga yau an huta."

Baba bai matsa ba. Ya tuɓe takalmi, ya sa diddigensa a kwarmin. Ya yi masa kaɗan.

"Nan uwarku ke tokarewa," ya ce.

"Nan ne, Baba."

"Auta, gida nawa aka haƙa ramin nan?"

"Duk gidan da aka sayi kujerarka. Ka yafe mini, Baba."

"Har da gidan mai kula da kasuwa?"

"Nasa guda uku ne, a falo."

Baba ya dubi kwarmin. Auta ta zaci kuka zai yi, kuma ya yi ɗin, amma kaɗan, ya goge da hannun riga.

"Ke nan duk garin nan babu ɗakin da ba sawun uwarku."

Ya juya ya dubi Dogo da bokitinsa.

"Fitar min da wannan ƙazantar. Ke kuma miƙo min zarto, akwai wadda ban gwada ba tun jiya." Ya ja sabuwar kujera, ya lalubi kwarmin da ƙafarta ɗaya har ta faɗa. "Gobe ki biya wajen maƙeri. Daga yau kowace kujera da cokalinta za ta tafi."