Wa Ya Tsaya Masa?

Ni Sa'idu ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba, amma shekara talatin ina saukar da fataken goro a unguwar Zangouettin, ko huhu ɗaya bai taɓa ɓata a gidana ba. Buldoza ta cinye gidan, ga ni tsaye. Abin da ya rage mini hotuna ne: zaure, rijiya, da matata marigayiya Awa tana tankaɗe. Suna cikin imel ɗina, ni kuwa kullum sai na manta kalmar sirri, wadda yara ke ce wa modipas.

'Yata Munira, mai aiki a biro, wato ofis, ta zo mini unguwar Tiendpalogo, inda nake zaune yanzu, ranar Lahadi da ordinatar, wato kwamfuta.

"Baba, zan sa maka wani abu a burauza, ya riƙe maka modipas duka. Eh kawai za ka danna."

"Karanta mini abin da yake roƙo tukuna."

Ta karanta da Faransanci, ta juya mini: wai yana so ya gani, ya kuma canza, duk abin da ke kowane shafin da na buɗe.

Na ce, "Wannan mai riƙon makulli ne ko mai binciken ɗaki?"

"Haba Baba! Dukansu haka suke tambaya. Ai sai ya ga ƙofa zai sa makulli."

"Na ji. Wa ya tsaya masa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ba bafatake ba ne fa!"

A gidana baƙo ba ya kwana sai na san wanda ya aiko shi. Na naɗe hannu, na ƙi dannawa. Don ta rufe mini baki ta duba ko wa ya yi shi. Sai dariyar ta ɗauke. Tambarin irin na wanda take amfani da shi a biro ne, amma mai shi ba suna, ba adireshi, kwanansa tara da fitowa.

"Baba... na bogi ne. Da ya kwashe imel ɗin."

"Da Awa a ciki," na ce.

Ta nemo na gaskiya daga shafin masu shi. Shi ma roƙonsa ke nan. Na ce ya zauna a zaure, kada ya shigo sai na kira shi. Ashe akwai wurin saita haka, mai digiri ba ta taɓa lura ba!

Na danna da yatsana. Imel ya buɗe, ga Awa da rariyarta. Munira ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta jawo ordinatar ta saita nata irin nawa.