Wurin da Buroshi Bai Taɓa Ba

Kwana tara ke nan Mai Zane bai gama komai ba. Ya jiƙa buroshi ya ajiye, ya buɗe taga ya rufe, ya leƙa teku ya dawo. Ɗakin duk warin kananzir da fentin mai, ga takarda ɗaya jingine da bango, ya kasa kallonta, ya kuma kasa kifa ta.

Da fentin ruwa ya zana ta a bakin gaɓa, safiyar da jirgin surukinsa, mahaifin matarsa, ya fita da masunta biyu, ɗaya kaɗai ya dawo. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, teku ta yi launin toka, jirgin na hawa igiyar ruwa ta farko. A bayansa ga wani dogon fari ya sunkuya. Surukin ne cikin farar rigarsa, yana tura jirgin da hannu biyu. Shi kuwa tsohon, duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa ai shi ya hana su fita, suka ƙi ji.

Yau uwar marigayin za ta zo. Ta ji labarin zanen, ta roƙa a ba ta, tunda shi ne ganin ƙarshe da aka yi wa ɗanta.

Matarsa ta shigo da shayi, ta same shi yana safa da marwa.

"Malam, za ka huda mana siminti da zagayen nan. Shafa wa farin nan shuɗi mana, ya koma ruwa."

"Ba fentin mai ba ne. Da mai ne, sai in binne gari guda ba wanda ya sani. Wannan in kika taɓa shi bayan ya bushe, tabo zai yi, makaho ma ya gani."

"To ai ba ka ma zana Baba ba. Kai da bakinka ka ce a fentin ruwa ba a shafa fari, takardar ake bari. In ta tambaya, ka ce kumfa ce."

Gaskiyarta. Hannunsa bai taɓa wurin ba. Kewaye shi ya yi da toka da shuɗi, siffar ta fito da kanta. To wanda ya bar fili, ya ba da shaida ko bai bayar ba? In ya ce kumfa, asirin dattijo ya rufa ko tsohuwa ya cuta? Kuma shi wane ne da zai tona wani? Ai shi ma ya ga hadarin. Bai ɗaga murya ba, don launin ya yi kyau, takardar kuma tana bushewa.

"Tsoho ne," in ji matar, muryarta ta yi ƙasa. "Ko abinci ba ya ci."

Kafin ya amsa aka yi sallama. Tsohuwar ta shigo, ta ƙi kujera, ta durƙusa gaban takardar. Ta daɗe tana kallon ɗan ɗigon da ke gaban jirgin.

"Shi ne wannan. Haka yake zama, kamar wanda aka bai wa sarautar ruwa." Ta yi ɗan murmushi, yatsanta ya gangara baya. "Wannan farin fa, ɗan nan?"

Mai Zane ya dubi farin. Kalmar kumfa ta zo masa har leɓe.

"Mutum ne, Inna. Yana tura jirgin. Ni kuma ina zaune ina zane, ban ce da kowa komai ba."

"Wane ne?"

Bai dubi matarsa ba, ƙarar kofi kawai ya ji a kan tebur. Ta zo ta durƙusa kusa da tsohuwar.

"Babana ne, Inna," ta ce.