Jajayen Ɗigo a Ƙofar Gilashi

"Mama, me ya sa aka rubuta sunan Anti a ƙofa, ke kuma ba a rubuta naki ba? Ko ba ki iya aiki ba ne?"

A gaban Manaja 'yata ta yi mini wannan tambayar, ranar da aka kafa sababbin alluna a ofishinmu. Shekararta shida, ta fara haɗa baƙi, ba ta barin rubutu ya wuce ta. Saboda irin tambayoyin nan 'yan ofis suka laƙaba mata Lauya, ni ma na koma Maman Lauya. Manaja ya yi dariya har da dafa bango, ya ce, "To, Maman Lauya, sai ki kare kanki." Na yi yaƙe, na ja ta bayan teburina na ce ta fito da aikin gida.

Kamfanin aika kaya ne. Shekara bakwai ke nan ina teburin karɓar baƙi, kuma kullum in an tashi daga makaranta Lauya a gefena take zama har mu tafi gida tare. A shekarun nan duk wani rubutu da ke jikin bangon ofishin, hannuna ne. Na gaji da nuna wa mutane banɗaki, na rubuta a takarda na yi kibiya na manna da salatif. Na ga masu karɓar kaya suna bin layin masu aikawa, na raba musu da kwali biyu. Akwai kuma ƙofar gilashi tsakanin ɗakin jira da hanyar ofisoshi. Wata rana yaron wata mata ya kwasa da gudu ya gwara goshi da ita, sai na yanka jajayen ɗigo daga bangon tsohon fayil, na jera su a gilashin daidai cinyata. Tun daga nan babu yaron da ya sake buguwa.

Shekara biyu ina roƙon Manaja a yi mana alluna na gaske. Da ya tashi amincewa, sai ya damƙa aikin ga Sabuwa.

Watanta takwas da zuwa, amma sunan bai sake ta ba. Doguwa ce, ga fara'a, ga turaren da yake riga ta shiga ɗaki. A taron ma'aikata Manaja ya ce, "Ita ta karanci harkar tsara ofis." Na sunkuyar da kai ina zana kibiyoyi a gefen takardata har biro ya huda ta.

Da ma a ce ta ɓata aikin, da na huta. Ba ta ɓata ba. Ta kawo littafin samfura daga wurin mai buga alluna, ta tsaya bakin ƙofar shiga tana gwada girman baƙin da za a iya karantawa daga nan. Ta zaɓi koren allo mai hoton mutum yana gudu don hanyar fita, ta sa hoto a kowane banɗaki saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Wannan ko a mafarki bai zo mini ba, shi ya sa ya fi ci mini rai.

Ta zo teburina da littafinta. "Yaya, ke ce kika san gidan nan ciki da waje. Duba mini, ko akwai abin da na manta?"

Na bi jerin da ido. A kan ƙofar gilashi ta rubuta tambarin kamfani, fari, daidai idon babban mutum. Ƙasa da shi babu komai. Nan take na gani.

"Ai kin gama komai," na ce.

"Tsakani da Allah, Yaya?"

"Mu da ba mu karanta ba, me za mu ƙara?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Bayan kwana biyu ta sake tambaya kafin ta aika wa mai buga alluna. Na sake cewa babu.

Ranar da aka zo kafawa, aka sa Baba maigadi ya ɓamɓare tsoffin takardu. Ina kallo ya cika kwandon shara da rubutuna. Da ya iso ƙofar gilashi ya durƙusa da rezarsa, ya waiwayo.

"'Yata, har da waɗannan jajayen?"

"An ce duka, Baba."

"Na ga kamar suna da amfani."

"Ba ni aka ba aikin ba."

Ya kankare su ɗaya bayan ɗaya. Mai shara ta bi da tsumma da ruwan wanke gilashi, ƙofar ta yi tas, kai ka ce babu komai a wurin. A ranar ne Lauya ta karanta sunan Sabuwa da ruwan zinare a ƙofarta, ta duba kaina ta ga KARƁAR BAƘI kawai, ta yi tambayarta.

Zan faɗi abin da ke raina yadda yake. Na san wani yaro zai bugu. Na ce ai ƙulu ne kawai a goshi, kwana biyu ya sace. Uwar za ta yi faɗa, Manaja zai fito ya tambayi ina jajayen nan, a lokacin kowa zai san wanda ya san ofishin nan. Har na tsara yadda zan amsa a hankali, ba tare da na kalli kowa ba.

Tawa kuwa na ɗauka na kare ta. A hanyar gida na riƙe hannunta na ce, "Kin ga ƙofar gilashin nan? An cire jajayen. Ban da gudu, ki riƙa miƙa hannu kafin ki wuce."

"Me ya sa aka cire?"

"Haka Antinki ta ga dama."

"Anti ta ce gobe za ta ba ni fensir mai kala."

Na saki hannunta na gyara jakata.

A gida babanta ya ga ina juya cokali a kwano ban ci ba. Da na ba shi labari sai ya ce, "Wai allo ne ya hana ki cin abinci? In suna kike so, bari in samo kwali in rubuta miki, in rataya a ƙofar kicin. Har da ruwan zinare."

"Kai komai wasa ne."

"To ki je ki gaya wa Manajan naku kina son naki mana."

Ban gaya masa maganar ɗigon ba. Na san abin da zai ce.

Mako guda ya wuce babu abin da ya faru. Baƙi suna shigowa suna yaba alluna, wasu har da ɗaukar hoto. Duk yaron da ya shigo, idona na kansa. In uwarsa ta riƙe shi gam sai in ji wani abu kamar haushi, in yi saurin neman tsari, in koma kan aikina. Lauya kuwa ta samu fensiranta. Kullum Anti kaza, Anti kaza. Ta ce in ta girma irin takalmin Anti za ta saya.

Ranar Laraba da la'asar ina kan waya da wani da kayansa suka makara. Lauya tana ƙasa a gefena tana zane tun da ta dawo. Na leƙa na ga allo ta yi, da furanni kewaye, a tsakiya ta rubuta ANTI da ja. Ta ɗaga kai ta hango Sabuwa ta fito daga ɗakin taro a can ƙarshen hanya. Ta miƙe da takardar a sama.

"Anti! Anti, duba!"

Na ga ta kwasa. Na buɗe baki zan tsayar da ita, mutumin yana ta faɗa a kunnena.

Har yau ina jin ƙarar. Gilashin bai fashe ba, ita ce ta dawo baya ta zube. Kafin in zagayo teburin, Sabuwa ta riga ni. Ta ture ƙofar ta durƙusa ta ɗauke ta, jini daga leɓe yana zuba a farar rigarta, tana cewa, "Sannu, sannu, Lauyata, buɗe bakin in gani." Yarinyar ta ƙanƙame wuyanta.

"Ba ni ita," na ce.

Ko a wannan lokacin, da jinin 'yata a ƙasa, sai da na ji zafin wuyan da ta ƙanƙame. Na karɓe ta da ƙarfi. Leɓen sama ya tsage, haƙori ɗaya yana lilo. Manaja ya fito, Baba maigadi ya shigo da gudu, masu jira duk sun miƙe.

Lauya ta dube ni cikin kuka. "Mama, yi haƙuri, na manta. Kin ce in riƙa miƙa hannu tunda an cire jajayen."

"Waɗanne jajaye?" in ji Sabuwa.

"Na yara. Mama ce ta sa, don kar su buga kai."

Baba maigadi ya kawar da kai. Sabuwa ta dubi gilashin, daidai inda bakin yarinyar ya bar shaida, can ƙasa da tambarin kamfani. Sannan ta dube ni.

"Yaya, sau biyu na tambaye ki."

Ta ɗauko makullin motarta ta kai mu asibiti. Ɗinki biyu aka yi, haƙorin kuma aka cire.

Washegari na zo da shirin ba da haƙuri, na haddace kalmomin tun a mota. Ba ta ba ni dama ba. Ta ajiye littafinta a teburina ta ce, "Tashi mu zaga. Amma a durƙushe."

Haka muka bi ofishin, mata biyu manya, muna tafiya a tsugune kamar agwagi, direbobi suna leƙe suna dariya. Daga can ƙasa na nuna mata kusurwar akwatin kashe gobara da ke daidai goshin yaro, da ɗan tudun da ke bakin ɗakin ajiya, da soket ɗin da ke bayan kujerun jira. Tana rubutawa, ba ta kallona. Da muka iso ƙofar gilashi ta miƙo mini tef ɗin awo.

"Nawa ne tsayin?"

Na auna da cinyata, kamar yadda na yi tun farko, sannan na karanta mata.

Yanzu akwai jan layi mai faɗi a gilashin, daga gefe zuwa gefe. A taron da ya biyo baya Manaja ya yaba wa Sabuwa a kansa. Ta ce shawarata ce, ya gyaɗa kai ya wuce zuwa magana ta gaba. Ƙarya nake in na ce ban ji komai ba. Har yanzu babu sunana a ko'ina, har yanzu turarenta yana riga ta shigowa, Lauya kuma ta sake zana mata allon, ta kai mata a hankali, hannu a miƙe.

Jiya da safe ina taje mata kai a gaban madubi, ta taɓa leɓenta ta ce, "Mama, tabon nan zai tafi?" Na ce zai tafi. Likita ya ce wataƙila.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, in akwai abin da kuka sani a wurin aikinku wanda ke tsare mutane, ku faɗe shi yau, ko da wanda kuka fi jin haushi ne za a yaba wa. Kada ku zauna jiran ɗan wani ya bugu don a san darajarku. Na jira, kuma na ja wa tawa kunne, amma shekararta shida, ta hango wadda take so, ta manta.