Wakiliya Ɗaya, Ɗakuna Huɗu

Ni kaɗai ƙasarmu ta tura taron yarjejeniyar roba. Ba don na fi kowa ba. A ofishin muhalli na tsibirinmu mu uku ne, ɗaya tana jego, ɗaya kuma fasfonsa ya ƙare aiki. Sai ni, Verlyn Augustin, na ɗauki fayil biyu da ƙunshin kifin gishirin da mahaifiyata ta cusa mini a jaka, na hau jirgi uku zuwa wani birni a Kudancin Amurka.

Abin da ya kai mu bai da yawa. Ba mu da masana'antar roba ko ɗaya, amma duk gabarmu ta gabas ta cika da gorunan roba masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa a cikinmu. Mun kwashe har mun gaji. Saboda haka mu ƙananan tsibirai muka haɗa baki a kan jimla ɗaya: a rage yawan robar da ake ƙerawa a duniya. Manyan ƙasashe kuwa so suke a tsaya a kan maganar kwashe shara kawai.

Ranar farko na gane ashe taron ɗakuna huɗu ne, kuma duk lokaci ɗaya suke zama. Wasu ƙasashen sun zo da mutum arba'in, har da lauyoyi. Ina tsaye ina kallon jadawalin kamar wadda ta ɓata a kasuwa, sai na ji murya a bayana.

"Ƙanwata, ke ma ke kaɗai suka jefo?"

Cuthbert Prosper ne, wakilin tsibirin da ke maƙwabtaka da namu. Dattijo ne mai furfura, ya shekara ashirin yana yawon irin waɗannan tarurruka da kwat ɗaya.

Na ce, "Ni kaɗai, Yaya."

"To ai mun zama runduna. Duk da dai mutanenku ko ɗanyar ayaba ba ku iya dafawa ba, haka zan yi haƙuri da ke."

"Ku da kuka iya, me ya sa duk Asabar kuke tsallakowa cin tamu?"

Ya yi dariya har da tari. Nan take muka raba aiki: ni in zauna a ɗakuna biyu, shi biyu, kowa ya yi magana da yawun ɗan'uwansa. Shi ya koya mini yadda ake yi. In kana son magana, sai ka miƙar da allon sunan ƙasarka tsaye. In wani ya nemi a goge jimla ba wanda ya musa, shugaban zama zai goge ta, shi ke nan. Kwana uku muna haka. Da rana mu haɗu a kan matakala, in ba shi kifi, ya ba ni labarin wanda ya yi gyangyaɗi a ɗakinsa.

Ranar Alhamis da safe aka zo kan jimlarmu, a ɗaki na uku. Ɗakin Cuthbert ne. Ban damu ba ko kaɗan.

Da aka tashi cin abincin rana na duba sabon daftarin da aka liƙa. Na karanta shi sau biyu. Jimlar ba ta nan.

Na sami Cuthbert zaune a gefen taga, ya kwance igiyar takalminsa saboda ƙafarsa na kumbura.

"Yaya, me ya faru a ɗakinka?"

Bai ɗago ba. "An nemi a goge, an goge."

"Kai kuma kana ina?"

"Ina zaune."

"Allonka fa?"

"Yana kwance."

Sai ya gaya mini. Tun kafin ya karya kumallo aka kira shi daga gida. Wata babbar ƙasa ta yi musu alkawarin injin tace ruwan teku, an kuma nuna musu cewa su iya bakinsu a taron nan. Ya ce, "Kin san bara mako shida mutanenmu na bin motar ruwa da bokiti. Matata ma ta bi. Me zan ce musu? In ce na zaɓo musu jimla?"

Na ce, "Da ka faɗa mini da safe, da na bar nawa ɗakin na zo."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya sayar da mu a kan famfo, na ce shekara ashirin ɗin da ya yi yawon cin abincin otal ne. Ya sunkuya yana ɗaure takalminsa, ni kuma na wuce.

Sauran dama ɗaya: babban zauren ranar Juma'a, inda kowace ƙasa ke iya neman a maido da abin da aka goge. Na rubuta abin da zan faɗa, layi biyar, na haddace.

Ranar Juma'ar da safe, ina shirin fita daga masauki wayata ta yi ƙara. Ministanmu ne.

"Verlyn, ya aiki? Muna alfahari da ke fa."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauka a kan rufin asibitinmu da guguwa ta yaye, wanda har yanzu tamfol ne a kansa. Akwai wasu daga cikin manyan ƙasashen nan masu son gyara mana. Ya ce, "Ban ce ki yi ƙarya ba. In an zo kan jimlar nan, ki bari wasu su yi magana. Ba dole sai mu ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in kowa ya bar wa wasu fa?"

"Ki gaida mutanen wurin," ya ce, ya kashe.

A wannan asibitin aka yi wa mahaifina aiki, ruwan sama na ɗiga a cikin roba kusa da gadonsa. Na san maganar ministan ba ƙarya ba ce.

A zauren, da aka zo wurin, wata mata mai suna Selai, wakiliyar wani tsibiri daga can tekun Pasifik, ta miƙar da allonta. Ta ce ƙasarta na neman a maido da jimlar. Shugaban zama ya ce, "Akwai mai goyon baya?"

Selai ta waiwayo ta dubi layinmu. Mun ci abinci tare ranar Talata, ta nuna mini hoton jikokinta. Hannuna yana kan allon. Na ji sanyinsa a tafin hannuna. Na sa ido a kan takardata har shugaban ya ce babu, ya buga gudumarsa. Aka yi tafi, aka ce duk a fito a ɗauki hoto.

A hanyar komawa gida, jirgin farko ɗaya muka hau da Cuthbert. Ya taimaka mini na ɗora jakata a sama, bai ce mini komai a kan zauren ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Kunya ta hana ni. Ya yi ritaya bayan wata takwas.

Rufin asibitin har yau ana cewa takardu na hanya. A rahoton da na miƙa wa ofis na rubuta cewa an samu ci gaba, za a sake zama baɗi. Selai ta aiko mini da saƙo, ba zargi a ciki, tambaya kawai take ko za mu tsaya tare a zama na gaba. Nakan buɗe shi in karanta in ina ofis ni kaɗai. Ban san abin da za a kira ni a ce mini a safiyar ranar zaman ba, shi ya sa har yanzu ban amsa mata ba.